Ƙafar Dattijo Mai Busasshen Lemo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin maza na wani asibiti a Kano kafin in zo Dubai, kuma a duk shekarun nan hancina ne ya fi yi mini aiki. Daga bakin ƙofa nake sanin gadon da miki ya fara lalacewa, tun ban ɗaga mayafi ba. Abokan aikina har tsiya suke yi mini, wai ni ba da takarda na ci jarrabawa ba, da hanci na ci. Sai ga shi na zo ƙasar da aka ɗauke ni aikin da hanci ba shi da amfani a cikinsa.

Asibitin da ya ɗauke ni ƙarami ne, a unguwar Deira, tafiyar minti kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. Bayan korona suka buɗe sashen duba marasa lafiya ta waya, suka ba ni wani ɗan ɗaki mara taga, da kwamfuta, da abin sawa a kunne. Aikina shi ne in kira waɗanda likita ya sallama, mu ga juna ta bidiyo, in tambayi jiki, in karɓi awon suga ko na hawan jini, in cike fom. Wanda na ga alamar matsala a tare da shi sai in haɗa shi da likita. Minti goma aka ware wa kowane mutum, kuma akwai wani agogo a kusurwar allon da yake komawa ja da zarar na wuce. Na tsani agogon nan, har yau kuwa ban daina ba.

Unguwar cike take da Iraniyawa, wasu a nan aka haife su, wasu sun zo da girmansu. Matasansu ba su da matsala da aikina, wasu ma gani suke mun yi baya, suna ce mini a Tehran mutum yana kwance a gadonsa yake ganin likita a rubuto masa magani. Manyan ne rigima. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini likitan da bai kama tsintsiyar hannunka ba, bai ce ka fito da harshe ba, wannan ba likita ba ne, mai karanta labarai ne a talabijin. Amma tsohuwar nan ita ce take ɗaukar hoton duk takardar gwajin da muka ba ta, ta aika wa ɗan ƙanwarta, likita a Shiraz can ƙasarsu, kuma abin da ya faɗa mata ta waya shi take bi, namu ta tura ƙarƙashin filo. Da na ce mata ai shi ma bai kama hannunki ba, sai ta dube ni kamar na yi wata babbar wauta, ta ce ai shi ya san ta. Na yi dariyata a lokacin, ina ganin na gama karantar mutanen nan.

A cikinsu akwai wani dattijo da ya haura saba'in, mai shago a wani lungu kusa da kasuwar Murshid Bazaar, yana sayar da busasshen lemo da za'afaran da furen wardi a buhuna. Maƙwabtansa Haji suke ce masa, ni kuma Baba. Yana da ciwon suga na shekaru. Wata rana ya taka guntun ƙarfen da ake ɗaure kwalaye da shi, ya yanke shi a tafin ƙafar hagu, gindin yatsu. Aka kawo shi wurinmu, likita ya wanke mikin ya ɗaure, ya rubuta masa magani, aka nuna masa yadda zai riƙa canja bandeji. Aka sa sunansa a jerina, kira biyu a mako, Litinin da Alhamis. Ni ban gan shi ba ranar da ya zo, ina ɗakina mara taga.

'Yarsa ce ta nemi a sa shi. Ita kaɗai gare shi a ƙasar, matarsa ta rasu, kuma tana aiki a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa a Jebel Ali, can ɗaya ƙarshen garin. Ba za ta iya barin aiki sau biyu a mako ta kawo shi ba, shi kuma ba zai rufe shago ya zo da kansa ba ko za a yanka shi. Ta gaya mini ta waya cewa sai da suka yi kwana biyu ba ya yi mata magana kafin ya yarda.

Abin da nake nema a wurinsa ɗaya ne, in ga tafin ƙafar nan. Duk ma'aikacin jinya ya san ƙafar mai suga munafuka ce. Jijiyoyin sun mutu, miki yana cin nama mai shi yana yawonsa bai ji komai ba. Idan ba a duba da ido ba, to ba a duba ba.

Kiran farko na ɗauka zan tarar da mutum a murtuke. Sai na ga dattijo ya sa kwat mai ruwan toka a kan farar riga, ya taje gashin baki, ya jingina wayar da wani gwangwani a kan teburi, buhuna a jere a bayansa. Ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna. Gabansa kofunan shayi biyu ne, ƙanana na gilashi, ɗaya ya turo shi gaban wayar.

Da Larabcin kasuwa yake magana yana cusa Turanci, ni kuma da Turanci ina cusa ɗan Larabcin da na tsinta, a haka muke fahimtar juna.

"Marhaban da 'yata," ya ce. "Kin haskaka shagon. Ga shayinki, ki yafe mana, ba zai iso ki ba."

Ya tambayi iyayena, ya tambayi garinmu, ya tambaya ko ana samun lemon tsami mai kyau a Kano. Ya ce ya sha ciniki da mutanenmu, masu zuwa su cika kwantena su tafi, kuma bai taɓa ganin masu taya kaya da taurin kai irinsu ba. Kafin in ankara minti bakwai sun tafi. Na karɓi awon sugansa, sannan na ce, "Baba, mu ga ƙafar."

Ya ɗaga hannu biyu. "Astagfirullah, 'yata. In ɗaga miki tafin ƙafa a fuska? Ba a haife ni a irin wannan gida ba. Ƙafa lafiya lau take, 'yar cikina ta wanke ta jiya."

Ya ɗan karkatar da wayar ƙasa na ƙiftawar ido, na ga farin bandeji tas a cikin silifas, ya mayar. Agogo ya koma ja. Na rubuta a fom cewa mara lafiya ya ce miki yana warkewa, 'yarsa ce take wankewa.

Ba ƙarya na rubuta ba, abin da ya faɗa ke nan. Amma na san ba shi aka ɗauke ni in rubuta ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa na bari. A Kano na buɗe mikin dattawa sun fi a ƙirga, wasu a wuraren da ko matansu ba sa gani da rana, ban taɓa jin nauyi ba. Daga baya na gane cewa a can ban taɓa roƙon kowa ba. "Sannu Baba, ya jiki?" kawai nake cewa, hannuna ya riga ya fara warware bandeji, shi ya kau da kai ni ma na kau da nawa, aiki ya wuce ba wanda ya kunyata. Hannu ne yake ɗauke wa baki kunya. A nan kuwa komai sai ya bi ta bakina, kuma shi da kansa zai sunkuya ya yi. Ni da na girma ban taɓa haɗa ido da mahaifina ba, yanzu in dubi sa'ansa cikin kwat, ya zuba mini shayi, in ce a'a, sai ka tuɓe ka ɗaga mini ƙafa. Bakina yakan yi nauyi, ga agogo yana ba ni uzuri.

Haka muka yi ta yi. Litinin, Alhamis, Litinin, Alhamis. Kullum kwat, kullum shayi biyu, kullum in tambayi ƙafa sau ɗaya ya ce astagfirullah in wuce. Gaskiya kiransa ne na fi so a duk mako. Sauran mutane suna ɗaga wayar suna tuƙi, ko in riƙa kallon silin ɗin ɗakinsu suna amsa mini daga kicin, shi kuwa zama yake yi kamar na tako ƙafa na zo. Har labarinsa nake ba abokiyar zamana a gidan haya, wata 'yar Jos da take aiki a wani otal a nan Al Rigga. Wata safiya muna shirin fita, tana goge yunifom ɗinta, ta ce, "Ke dai kin samu baba a Dubai, khalas, shi ke nan. Saura ya haɗa miki cargo na lemo ki aika gida. Yalla, ba ni waje in wuce." Muka yi dariya.

Kira na shida ranar Alhamis ne, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Yana cikin kwat ɗinsa kamar kullum, amma goshinsa yana ƙyalli da gumi, kuma ya ɗaure wuyansa da wani mayafi. Awon sugansa ya yi sama sosai. Ya ce wani aboki ne ya dawo daga gida ya kawo alewa, ba zai iya ƙin karɓa ba. A bayansa na ga kasko yana hayaƙin turare, abin da ban taɓa gani a shagon ba. Na tambayi ƙafa, ya ce alhamdulillah, kamar ba a taɓa yin ciwon ba.

Muna cikin haka wata mata ta shigo shagon daga bayansa. Ta nufi buhun furen wardi, ta sa hannu za ta ɗiba, sai ta tsaya. Ta ja gefen gyalenta ta rufe hanci, ta waiga hagu da dama tana neman wani abu a ƙasa, ta juya ta fita.

"Mai saye ta zo, 'yata," ya ce, "ki yafe mini." Ya dafa ƙirji, allon ya yi baƙi.

Na san wannan jan gyalen. Haka 'yan dubiya suke yi idan suka wuce wani gado a ɗakinmu na Kano, su rufe hanci a hankali don kada mai gadon ya gani. Amma kira na gaba ya riga ya shigo, wani matashi mai hawan jini yana cikin mota, na yi masa tambayoyin ban san me yake amsa mini ba. Ina ta gaya wa kaina shago ne na kayan ƙamshi, ƙila ɓera ne ya mutu a bayan buhu.

Lokacin cin abincin rana na sami mai ba da magani ta asibitinmu a ɗan kicin ɗin ma'aikata. Ba'iraniya ce, ta girme ni, mace mai magana gaba gaɗi. Na ba ta labarin, ina ɗan yi masa kwaskwarima don kada laifina ya fito fili.

"Sau nawa kika tambaye shi?" ta ce.

"Kullum ina tambaya."

"A'a. A kira ɗaya, sau nawa?"

"Sau ɗaya mana."

Ta ajiye cokalinta. "Sista, sau ɗaya ai ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. A wurinmu akwai abin da muke ce wa ta'aruf. Idan aka miƙo miki abu kika karɓa a karon farko, ba ki da tarbiyya. Wanda kuma ya miƙa sau ɗaya ya janye, dama bai yi niyyar bayarwa ba, ya fita kunya ne kawai. Sai an yi sau uku ake sanin da gaske ake."

"Ai ni ba abinci nake miƙa masa ba. Aikina nake yi."

"Da a nan ɗakin likita yake, an kwantar da shi a gado, ya san shi mara lafiya ne, zai cire komai ba musu. Amma ke kika je shagonsa. Ya zuba miki shayi, ko? To baƙuwa ce ke. Dole ya ce a'a, ke kuma dole ki nace. Da kika yi shiru, ya fahimci ba kya son gani ne, kina ƙyama, shi kuma ba zai dame ki ba. Mahaifiyata ma haka take yi wa likitan waya, shi ya sa nake zama kusa da ita in riƙa ƙaryata ta."

Fulako. Abin da na tashi a cikinsa, abin da kakata take yi ta kwana da yunwa a gidan surukai tana cewa ta ƙoshi. Na san shi ciki da bai, na san ba a barin mai fulako da a'arsa ta farko. Don kawai ya zo mini cikin kwat da wani harshe sai na kasa gane shi. Na tashi na bar abincin a nan.

Na kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Na sake kira, shiru. Na kira 'yarsa a Jebel Ali, ta ɗaga tana magana ƙasa-ƙasa, da alama tana cikin taro.

"Don Allah yaushe rabonki da ganin ƙafar Baba a buɗe?"

"Tun ranar da aka ɗaure ta a asibiti. Ya ce ke kike dubawa duk Litinin da Alhamis, kuma kin ce kada kowa ya taɓa."

"Ni kuma ya ce mini ke kike wankewa."

Na ji an ja kujera, na ji ƙarar takalminta a kan tayil. Ta ce ga ta nan, amma ko ta samu hanya a buɗe sai ta yi awa guda. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin daɗi.

Na ruga wurin likita, na tare shi tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Ya saurare ni, ya ce ba zai iya tura motar asibiti cikin kasuwa don wata mata ta rufe hanci ba, kuma yana da gaskiya. Ko in ga mikin da idona, ko in shawo kan dattijon ya zo. Na koma ɗakina. Mutum uku suna jira a layi, na tura su gaba ban nemi izinin kowa ba.

Sai bayan azahar Baba ya ɗaga wayar. Kwat ɗin yana jikinsa amma a karkace, gefen fuskarsa da shatin buhu, ashe kwanciya ya yi a bayan kaya. Ya fara ba ni haƙuri, yana laluben butar shayi.

"Baba, bar shayin. Ina so in ga ƙafar."

"Haba 'yata, kin wahalar da kanki a banza. Ƙafa lafiya lau."

"Ina so in gani."

"Ba zan ɓata miki rai da wannan ba. Kina da aiki, mutane suna jiranki."

"Baba, na roƙe ka, ka buɗe ta."

Sau uku ke nan, na ƙirga su a zuciyata kamar mai koyon alwala. Na zuba ido ina jira ya sunkuya. Bai sunkuya ba. Ya kau da kai yana kallon ƙofar shagon, ya ce a hankali, "Ba abin da mace za ta kalla ba ne." Muryarsa ta canja, babu zaƙin nan na karɓar baƙi. Nan na gane fulakon ya ƙare tuntuni, yanzu tsoro ne. Ya ga ƙafar, ya san abin da ke ciki.

Raina ya ɓaci, da shi da ni kaina da agogon da ya yi ja yana ƙifta mini. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, ranar na ɗaga.

"Mako uku kana ce mini 'yata. In da gaske kake, 'ya ba baƙuwa ba ce, ba a yi mata kwat. In kuma ba da gaske kake ba, to ni ma'aikaciyar asibiti ce, kai mara lafiya, kuma ba zan sauka daga layin nan ba sai na gani, ko za mu kai magariba." Larabcin ya ƙare mini, Turancin ma ya gudu, na ƙarasa da Hausa. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba."

Bai ji Hausar ba, amma ya ji muryar. Sannan ya cire kwat ɗin ya ninke ya ɗora a kan buhu, ya sunkuya, fuskarsa ta ɓace daga allon. Na koma kallon fankar silin tana juyawa cikin hayaƙin turare.

Da ya ɗauki wayar ya juyar da ita ƙasa, sai hoton ya daskare. Netwok ɗin lungunan nan dama haka yake. Na ga wani abu mai duhu, dishi-dishi, ban iya bambance inuwa da nama ba. Na ce ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Na ji yana jan kujera, yana numfashi sama-sama, yana ce mini in yafe masa jinkirin.

Hoton ya dawo. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, na ukun ya fara. Tafin ya kumbura yana sheƙi, mugunya tana tsattsafowa daga inda ƙarfen ya shiga, kuma ja ya haura idon sawu yana bin ƙauri. Ban ji wari ba, ta ina zan ji, amma na rufe hanci kamar ina tsaye a kansa.

Na danna wa likita kiran gaggawa, ya shigo ya leƙa allon sau ɗaya ya ɗauki wayarsa. Na ce wa dattijon ya zauna kada ya taka ƙafar, mota tana zuwa.

"Sai na shigar da buhunan waje," ya ce.

"Ba za ka taɓa ko ɗaya ba. Kira maƙwabcinka."

"Yana da masu saye. Ba daidai ba ne in..."

"Kira shi, Baba."

Ya kira shi. Motar asibiti ba ta iya shiga lungun ba, masu tura kaya a amalanke sun cushe hanya, kwalaye har bakin shaguna. Maƙwabtansa ne suka ɗauke shi a kan kujerarsa, mutum huɗu, suka bi da shi ta tsakanin kaya zuwa titi. Wayar tana hannunsa bai kashe ba. Ina ganin sama, da allunan shaguna, da haɓar wani mai furfura yana haki, ina jin ana ta cewa a ba da hanya. Sau ɗaya ya juyo da ita fuskarsa ya ce in yi haƙuri da girgizar. Aka rufe ƙofar mota, layin ya katse.

An yi masa tiyata a babban asibiti a ranar. Suka cire gaban ƙafar, yatsun duka da abin da ke bayansu, suka samu suka tsirar da diddige. Na rubuta rahoto na faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da cewa sau shida ina rubuta abin da aka gaya mini ban gani ba. Aka kira ni ofis aka yi mini faɗa, ba a kore ni ba. Ban ji sauƙi don haka ba.

Ranar Lahadi ina hutu na je dubiya. Sai a ranar na fara ganinsa ido da ido, ashe ɗan ƙaramin mutum ne, wayar ce take cika shi. Yana ganina ya fara yunƙurin tashi zaune, 'yarsa ta danne masa kafaɗa. Bargon ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba, ni kuma na kasa daina kallon wurin. Ya ce laifinsa ne, tsufa ne da taurin kai, ni ban yi komai ba sai alheri. Ya ce yatsu ai ba a cin abinci da su. Na ce Allah ya ba da lafiya.

Da zan tafi 'yarsa ta rako ni har bakin lif. Mace ce mai natsuwa, idonta ya faɗa don rashin barci. Ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, ita ce ta sa shi a wannan tsari don ta huta da zirga-zirga, kuma ta yarda da maganarsa don yardar ta fi mata sauƙi. Na ce ni ma haka.

Ta ce jiya ta je rufe shagon da kyau. A ƙarƙashin teburin da yake jingina waya ta tarar da wata 'yar roba, ciki da almakashi da audiga da sabon bandeji da tawul a ninke. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce tun kiran farko yake shirya su, duk Litinin da Alhamis kafin ya sa kwat, ya ajiye kusa da ƙafarsa, saboda in sista ta sake tambaya kada ya ɓata mata lokaci.

Lif ɗin ya zo ya buɗe, mutane suka fito, ya rufe ya tafi ina tsaye a wurin.